Hotunan Ruma a Sabon Faifai

Kwamfutar da Baba ya bari ta tsufa ƙwarai. Da ita ya yi sana'ar hoto a Ruma, da ita suka ƙaura zuwa Batsari a bayan a-kori-kura, an naɗe ta cikin bargo. Hotunan mutanen garinsu duk suna cikinta, har da na waɗanda suka rasu. Yanzu 'yarsa Mubina ce ke kula da ita.

Kunna ta ma aiki ne. Sai an gaisa da baƙo, an tambayi gida da gona da dabbobi, sannan ta buɗe. Kwanan nan kuma faifan ajiyarta ya fara ƙas-ƙas yana tsayawa. Sau biyu Goggo Hussaina tana zuwa neman hoton marigayi mijinta, tana komawa haka nan.

Ranar Asabar Tayyib, wan Mubina, ya zo daga Katsina da wani abu da bai kai tafin hannu ba.

"Yaya, wannan ɗan mitsitsin ne zai ɗauke mutanen Ruma kaf?"

"Es-es-di ke nan, sabon faifan ajiya. Ke dai riƙe mini sukurori, kar kajinki su haɗiye."

Ya buɗe gefen kwamfutar, ya jona wayoyi biyu. Tun hantsi ake kwashe kayan tsohon faifan, sai bayan la'asar aka gama. Da ya zo ɗaure sabon, gurbin ya yi masa yawa. Mubina ta yagi bakin tsohon ɗankwalinta ta ƙulle shi tam.

"Kamar ƙullin daddawa," in ji Tayyib yana dariya. Ya cire tsohon, ya ce ta kunna.

Daidai nan Goggo ta yi sallama. Mubina ta danna, ta kara kunnenta a jikin kwamfutar, yadda Baba ke yi don ya ji faifai ya tashi. Ba ta ji shi ba. Ta juya ta durƙusa, don kar a ga fuskarta.

"Goggo, ina wuni?"

"Juyo ki gani, sarkin tsoro," in ji Tayyib. "Wannan ba ya magana."

Ashe tuni kwamfutar ta buɗe. Mubina ta nemo hotunan Babbar Sallah. Ga Kawu Musbahu, mijin Goggo, riƙe da ragonsa, hula a karkace.

Goggo ta daɗe tana kallo, ta goge ido da mayafi.

"Bar shi nan, ba mu gama gaisawa ba," ta ce, ta gyara zama. "Ya gida, 'yar nan?"