Dashe a Kan Babbar Rijiya

Sana'arta rainon dashen itatuwa ce. Bayan gidanta cike yake da baƙaƙen ledoji jere-jere, kowace da ɗan tsiro a ciki. Shi ya sa da ƙanenta ya zo rufe wurin da yake haƙar ma'adinai, ita ya nema. Auta ake ce masa a gida, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu.

"Yaya, abin da ke cikin dutsen ya ƙare," ya ce. "Doka ta ce sai na cike ramukan, na baje ƙasa, na dasa itatuwa, sannan hukumar muhalli ta sallame ni. In ba su sa hannu ba, babu lasisin sabon wuri."

"Oh, kai da ka yi shekaru kana farke cikin ƙasa, yau kuma ka koma tela?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, suka shirya.

Wurin ɗan ƙarami ne, a gindin wani tsauni: rumfar kwano, tsohon janareto da tsatsa ta cinye, da tulin ɓaraguzan dutse. A tsakiya a da akwai ramin da ma'aikata ke kira Babbar Rijiya, wanda ya nutsa sambal cikin dutse, ba a hango ƙarshensa. Yanzu babu alamarsa. Katafila ta baje jar ƙasa a kai, wuri ya yi sumul. A nan ta yi makonni tana dashe, tana ban ruwa, har tsirran suka kama, ciyawa ta fito kore shar.

Ana gobe jami'in muhalli zai zo, tana zuba wa wani tsiro ruwa a tsakiyar filin, sai ta ga ruwan bai kwanta ba. Juyawa yake yi yana zurarewa ta wata 'yar kafa a gindin tsiron. Ta ƙara zubawa, ya sake ɓacewa. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan kafar. Wata iska mai sanyi ta buso mata, da warin tsatsa da tsohon ruwa. Ta kasa kunne. Can ƙasa, da nisa ƙwarai, ta ji ruwan nata yana ɗiga.

Da rarrafe ta ja da baya har bakin filin, ta bar bokitin a can.

A rumfa ta sami Auta yana ninke buhuna.

"Auta, me ke ƙarƙashin itatuwana?"

"Ƙasa mana."

"Dube ni. Me ke ƙarƙashin ƙasar?"

Ya ajiye buhun, ya ƙi haɗa ido da ita. "Rodi ne masu kauri, Yaya. Da gungumen katako. Muka shimfiɗa kwano, muka zuba ƙasa a sama. Kin san tifa nawa ramin nan zai ci kafin ya cika? Ba ni da ƙarfinsa yanzu."

"Kana nufin duk makonnin nan a kan kwano nake tsaye?"

"Ai bai rufta ba. Gobe ce kawai. Da zarar an sa hannu na fara sabon aiki, zan dawo in cike shi, wallahi." Ya kamo hannunta. "In kika buɗe baki, lasisina ya tafi, ƙila har a ɗaure ni. Ke kika goye ni a bayanki, Yaya. Kada ya zama ke ce za ki miƙa ni."

Ta zare hannunta ta tafi gida, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ko abinci ta kasa ci.

Washegari da ta iso, sai ta tarar da tankar ruwa a bakin filin. Auta ya sa direban ya jiƙa wurin sharkaf da tiyo, don ciyawa ta yi sheƙi. Duk mai dashe ya san nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da hantsi jami'in ya iso. Dattijo ne mai fara'a, da takalmin roba har gwiwa da sandar ƙarfe da yake soka wa ƙasa. Ya duba ƙananan ramukan da aka cike, ya leƙa magudanar ruwa, yana gyaɗa kai. Da aka nuna masa ita, ya washe baki.

"Ke ce uwar itatuwan nan? Sannu da aiki! Wurare da yawa in na je, sanduna suke kafa mini su ce dashe ne, in na ja ɗaya ya biyo hannuna ba saiwa."

Auta ya yi dariya fiye da kima. Ita ko murmushi ta kasa.

"To, saura babbar," in ji dattijon, ya nufi tsakiyar filin.

Tana tsaye tana kallon takalmansa suna nutsewa cikin laka. Auta na gefe yana mata kallon roƙo, zufa na tsatstsafo masa. Ta ce a ranta ƙila ya wuce lafiya, ai ita ma ta sha wucewa. Sai idonta ya sauka kan tsirran tsakiya. Da hannunta ta dasa su a miƙe. Yanzu duk sun karkata, kowanne ya sunkuyo wajen ɗan'uwansa, kamar masu raɗa. Ƙasar da ke tsakaninsu ta lotsa.

"Yallaɓai, tsaya!" Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba. "Kada ka ƙara taku! Ba a cike ramin ba, kwano ne a ƙarƙashinka!"

Dattijon ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Sai suka ji wata ƙara daga ƙasa, ƙas, ƙas, irin ta katakon da ke karyewa a hankali. Wata tsaga ta buɗe a bayansa, tana bin ciyawa tana kewaye shi.

Auta ne ya fara motsi. Ya ruga da gudu, ya finciki dattijon ta bayan riga ya wurga shi waje. Amma nauyin mutum biyu ya yi wa wurin yawa. Ƙasa ta ɓurma da Auta har hammata. Ya rungume wani rodi da ya leƙo, ƙirjinsa ya bugu da shi, ya saki wani ihu.

"Tiyo!" ta kwarma wa direban tanka. "Jefa masa tiyon!"

Direban ya jefa, tiyon ya kauce. Ya sake jefawa, Auta ya cafke da hannu ɗaya. Suka kama ja, ita da direban da dattijon da laka ta rufe wa fuska. Tiyon jiƙaƙƙe ne, yana sulɓewa a hannunta, fatar tafinta na salewa. Ƙasa na ta zubewa ta gefen Auta, yana kiran "Yaya! Yaya!" da muryar da rabonta da ji tun yana yaro.

Da ƙyar suka janyo shi bakin filin rub da ciki. Ba su gama numfasawa ba sai tsakiyar wurin ta tafi gaba ɗaya, kwano da katako da itatuwanta. Rugugin ya daɗe yana sauka kafin ya yi shiru. Baƙin rami ya buɗe baki a gabansu, yana huro sanyi.

Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ciro gorar ruwa ya kurɓa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gefen filin, ya ce a hankali, "Nan mutane ke bi zuwa gonakinsu, ko ba haka ba?"



A ranar aka kewaye wurin da waya. Daga baya hukuma ta janye lasisin Auta, kotu kuma ta tilasta masa cike ramin da dutse har baki, a gaban jami'ai, sannan a rufe da siminti. Sai da ya sayar da katafilarsa kafin ya iya.

Ya kwanta asibiti da karyayyun haƙarƙari. Da ta je duba shi, ya juya fuskarsa bango. Ta ja kujera ta zauna, hannayenta naɗe da bandeji, ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma yi masa gori ba.

Can ya ce, bai juyo ba, "Yaya, ƙafafuna reto suke yi. Ina ta laluben inda zan taka, babu komai sai iska."

Ta gyara masa bargo, ta zauna har barci ya ɗauke shi.