Sauro a Cikin Firiji

Tun da Vilho ya ajiye tuƙin babbar mota ya dawo gida unguwar Kuisebmond a garin Walvis Bay, maƙwabtansa suka daina dogara da agogo, ƙarar gudumarsa ke tashinsu. Wata tsohuwar bas ya saya a hannun 'yan haya, ya kwashe kujerun kaf, ya shimfiɗa katako, ya haɗa gadon mutum biyu, ya ɗora sola a kan rufin. Abu ɗaya ya rage, firiji, kuma shi ne ya hana shi sakat.

Ba don ruwan sanyi ba. Matarsa Rauna na da ciwon suga, allurarta kuwa ba ta shiri da zafi. Bikin 'yar ƙanwarta na tafe a watan Agusta can Okongo, Vilho kuma ya ƙudurta a ransa cewa a wannan bas za su je, in an watse su zarce gabas har Katima, ta ga kogin Zambezi da idonta. Ya kwashe shekaru yana kai daskararren kifi daga tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay zuwa Zambiya, yana dawo mata da labarin kogin kawai. Sau ɗaya ta taɓa bin sa, tana amarya. Injin sanyin tirelar yana daidai bayan kansu yana ruri dare da rana, ta kasa runtsawa, a Grootfontein ta sauka ta biyo motar haya ta dawo gida. Tun daga nan ba ta sake ba.

Da ya nuna mata gadon, ta danna katifar da tafin hannu, ta duba labule, ba ta kushe komai ba. Sai da za ta sauka ta kira shi da Tate, wato Baba a yarensu, ta ce, "Tate, in akwatin sanyin nan zai yi mini kuka a ka, ka sha zamanka. Motar haya na nan, na rungumi kulata da ƙanƙara kamar kowace shekara."

"Ni za a koya wa kukan inji?" in ji shi. "Ki bar mini wannan."

Yana da bakin faɗin haka. A zamaninsa direbobi kan tashe shi daga barci ya saurari injinsu ya gaya musu abin da ke damunsa.

Firijin farko a wurin Gottlieb ya karɓo, tsohon abokin tuƙinsa da yanzu ya buɗe gareji. Ran Lahadi bayan an taso daga coci ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya tsaya ya kasa kunne. Shiru. Ya ƙwala wa Rauna kira, ta fito tana goge hannu da zani.

"Shiga ki saurara. Me kika ji?"

Ko ƙafa ba ta sa a matakala ba. "Sauro."

"Wane irin sauro a garin da ko ciyawa ba ta fita?"

"Shi ne abin da nake tambayar kaina tun ina kicin. Ashe a cikin firijinka yake."

Ta koma wa tukunyarta. Vilho ya durƙusa ya manna kunnen dama a jikin firijin, ya juya ya manna na hagu. Babu abin da ya ji sai wannan gunjin da ke can ƙeyarsa, wanda ya biyo shi gida tun ranar da ya miƙa makullin tirela. Ya ce a ransa Rauna ce dai ba ta son tafiyar. Duk da haka da safe ya kwance firijin ya mayar.

"Har ya yi laifi?" Gottlieb ya ce, yana leƙowa daga ƙarƙashin wata mota. Meme, wato Mama, suke kiran Rauna. "Meme ta kore shi ke nan. To sarkin kunne, kai ba ka ji laifin ba sai da aka gaya maka?"

"Kwamfresar ce ta gaji."

"Wani dai ya gaji. Ka sayi mai gas mana ka huta, ba ya ko tari."

"Mai gas? Wanda sai an daidaita masa ƙasa kamar teburin sunuka? Ka tsaya a gangare ya yi yaji, rana ta take ya yi yaji. Maganin matata zan ba wa wannan?"

"To ka auro mai kwamfresa, ka haƙura da surutunsa. Haka muka yi duka."

Vilho bai yi dariya ba. Daga nan ya wuce kantin kayan zango da ke hanyar tashar jirage, na wata mata mai suna Elsabe. Firiji sun kai goma a jere, manya da ƙanana, wasu da murfi a sama, wasu da ƙofa a gaba. Ya sa aka kunna su ɗaya bayan ɗaya yana bi yana manna kunne. Kowanne shiru. Ya kamata ya ji daɗi, amma bai ji ba. Ya tambayi wanne ne ba ya cin batir, wanne ke jure hanyar burji, wanne ke kashe kansa kafin ya tsotse wutar mota. Elsabe ta amsa duka. Ya ce zai yi shawara.

Shawarar ba ta ƙare ba. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Ya zo da kofi a aljihu, ya cika shi da ruwa, ya riƙa ɗorawa a kan kowane firiji yana kallon yadda ruwan ke rawa. Ya karanta lambar ƙarar da aka buga a jikin kwalaye, ya ce ai wanda ya ƙera abu ba zai kushe shi ba. In wani mai saye ya matso, sai ya ce masa kamar da wasa, "Maigida, a cikin biyun nan wanne ka fi ji?" Wani ya nuna wannan, wani ya nuna wancan, ya rasa na kamawa.

A gida kuwa ya zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya zauna a gaban talabijin, ya miƙe. Ya fita ya auna ramin da ya bar wa firiji a cikin bas, ramin da ya riga ya auna har ya haddace. Ya dawo kicin ya buɗe firijin gida, ya taɓa kwalin allurar Rauna da bayan yatsu, ya rufe. An jima ya sake buɗewa. Wannan ɗabi'ar tsohuwa ce. A hanya, in injin sanyi ya yi shiru, kifin mutane ne ke narkewa, saboda haka shiru bai taɓa zama masa hutu ba. Rauna tana ɗinkin rigar biki, ja mai ratsi-ratsi, tana bin sa da ido ta saman tabarau. Rigar kuwa kullum ƙara kusantar gamawa take yi.

Ran Alhamis yana tsugune a kantin Elsabe, ya buɗe murfin wani firiji yana duba robar bakinsa, ya daɗe a haka. Sai ya lura mutanen kantin duk sun juyo suna kallonsa. Wata mata ta toshe wa jaririnta kunne. Elsabe ta baro teburinta ta zo ta rufe murfin a hankali, ta dafa kafaɗarsa, ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Tate Vilho, ƙararrawa ce. In an bar murfin a buɗe yana tsuwa. Tun ɗazu yake yi."

"Na ji ai. Gwadawa nake."

"Na sani," ta ce. "Ran Asabar da rana nake rufewa. Ka shigo da bas ɗin ta baya, babu hayaniya. Ka zo da Meme."

Ya fita ya manta kofinsa. Bai nufi gida ba. Ya bi bakin ruwa har inda kwalta ta ƙare, ya juyo, ya ratsa ta gaban garejin Gottlieb bai tsaya ba, ya sake komawa bakin ruwa. Ya kashe mota ya sauke gilashi. Tsuntsaye sun cika gaɓa fal, yana ganin bakunansu suna buɗewa suna rufewa. Ya ta da mota.

Ya tarar da Rauna tana tuƙa tuwon gero. Ya tsaya a ƙofar kicin, ya cire hula, ya mayar, hannunsa ya nufi firiji ya janye shi.

"Meme, ki ara mini kunnenki ran Asabar."

Ba ta juyo ba sai da ta gama tuƙin ta rufe tukunya. Sannan ta fuskance shi, ta yi magana da ɗan ƙarfi, yadda ta saba yi masa shekarun nan ba tare da ya lura ba.

"Sai yau?"

Ran Asabar suka shigar da bas bayan kantin. Elsabe da Vilho suka cicciɓo firiji uku. Rauna ta cire takalmi ta hau gado ta kwanta rigingine, ta haɗe hannu a ƙirji ta lumshe ido, sai ka ce likita za ta gani. Vilho ya haɗa na farko ya fito ya tsaya a rana yana zagaya motar, yana harbin tayoyin da ba su yi masa komai ba.

"Wannan yana gurnani," ta ce daga ciki. "Kamar limaminmu in ya manta waƙa."

Aka sauke shi. Na biyu shi ne mafi tsada, baƙi mai sheƙi. Aka kunna. Vilho ya gaji da jira ya leƙa ta taga.

"An kunna kuwa?" ta ce.

"Tun tuni," in ji Elsabe. "Duba, sanyin har ya fara sauka."

"To wannan ba shi da baki."

Vilho ya shigo bas ɗin da sauri. Ya zaro walat. Amma idonsa na kan firijin, kuma kafin ya ankara ya miƙa hannu ya ɗaga murfin ya sa tafinsa ciki. Ya rufe. Elsabe na bayanin garanti, yana gyaɗa kai, hannun ya sake komawa.

"Sau biyu ke nan ka buɗe," Rauna ta ce, ido a rufe. "Kawo na ukun."

"Haba Meme, ba kin ce..."

"Kawo shi dai."

Na ukun fari ne, ba kwalliya, hannayensa na ƙarfe. Ta sa aka tura shi har ya jingina da katakon gadon, ɓangaren da Vilho zai kwanta. Aka kunna.

"Yana magana," ta ce, "amma can ƙasa-ƙasa, kamar kyanwa ta ƙoshi. Zan iya da shi. Tate, hawo nan."

"A gaban mutane?"

"Elsabe ta taɓa ganin tsoho a kwance. Cire takalmin, kada ka lalata mini zanin gado."

Ya hau yana gunaguni ya kwanta a sandare. Ta kamo ƙafarsa ta dangana tafin da katakon.

"Yanzu ya huta, ya kai sanyinsa. Ka jira."

"Me zan jira?"

"Kai dai ka jira. Ka taɓa gwadawa?"

Ya jira. Rufin bas ɗin ya ɗau zafi. Ya tuna bai ɗaure wayar sola da kyau ba, ya yunƙura zai tashi, ta danne masa hannu. Sai ga shi: wani ɗan zillo a tafin ƙafarsa, kamar ɗa ya motsa a ciki, daga nan wata rawa siririya ta bi katakon ta hau ƙaurinsa ta zauna. Ya san ta. Ita ce ta raka shi daga teku har Lusaka shekara da shekaru, ƙarama ce kawai yanzu. Masu magana sun ce jiki ya fi kunne ji, ko da yake ba wannan suke nufi ba.

"Ya tashi," ya ce.

"Ya tashi. In ka sayi wancan bebe, kwana za ka yi kana buɗe murfi kana taka ni, sanyin ya gudu, maganin ya lalace, ni ma in lalace. Kana tsammani ban san sau nawa kake zuwa kicin ba? Ƙyauren firijin gida har ya fara ciwon baya."

Elsabe ta juya baya tana dariya a tafin hannu.

"Amma ke shiru kika ce kina so."

"Barci na ce ina so, Tate."

Firijin ya yi aikinsa ya tsaya, Vilho ya ji tsayawar a ƙafarsa, gabansa ya faɗi kamar yadda ya saba. Bai janye ƙafar ba. Rauna ta tashi zaune tana tambayar Elsabe ko tana da ƙugiya mai ƙarfi, irin wadda ake kafawa da ƙusa, don rigar biki ba ta son ninki, kuma ba za ta isa Okongo da ita a yamutse ba. Suka shiga zancen inda ya fi dacewa a kafa ta, bayan kujerar direba ko kusa da ƙofa. Vilho na ganin bakunansu na motsi. Zillon ya sake zuwa. Ya so ya ce musu kusa da ƙofa ƙura za ta shiga, amma idonsa ya yi nauyi.

Ba a jima ba minshari ya cika bas ɗin, har wani kare a maƙwabta ya amsa. Rauna ta dube shi, ta dubi Elsabe.

"'Yata, wannan fa? Ba ki da wanda ya fi shi shiru?"

"An daina ƙera irinsa, Meme."

"To rubuta mana farin. Da ƙugiyar."