Jiklar Moton Rabo

"Ɗaga ƙafarka, Mushe," in ji Rabo. "Wataƙila ƙarƙashin takalminka ya shige."

Na ɗaga. Ya sa hannu ya kwashi rairayin wurin, ya zuba a rariyar matarsa, ya shiga tankaɗe. Tsakuwa biyu suka rage da ƙwallon dabino. Ya zubar, ya matsa gaba da gwiwa. Kwana uku ke nan yana tankaɗe ƙasar zaurensa yana neman jiklar, wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ta hudarsa mai yake bi ya shiga inji. In babu shi, moto, wato babur, ba ya tashi.

Yana cikin aljihuna na dama, a ƙulle a gefen hankici.

Rabo maƙwabcina ne a Agiye, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin niƙa, har hannunsa ya daina fita da sabulu. Ni kuwa tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamai da Faransanci, na karanta littattafai da yawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya hana matata Mansura mutuwa. Tun rasuwarta, Rabo ne kaɗai bai gaji da bakina ba.

Moton ƙato ne, na masu yawon duniya, mai akwatin ƙarfe dama da hagu da gilashin tare iska. Wani Bature ya bar shi a Gazawa da ya lalace masa, ya yi ta canza hannu, har Rabo ya ba da bijiminsa na huɗa ya turo shi gida. Littafin gyaransa na cikin akwati, da Faransanci, duk tabon baƙin mai. Ni nake karantawa, shi yana kwancewa. Kowace ƙusa ya cire sai ya sa ta a rami ɗaya na kwalin ƙwai, bi da bi, don kada ya manta inda ta fito. Wata biyar muna haka. Ya wanke tanki, ya canza buji mai ba inji wuta, ya yanko roba daga tsohuwar taya ya toshe inda mai ke zuba. Karbirato, inda jiklar yake zama, shi kaɗai ya rage.

Gidan Sori yake son zuwa, garinsu. Shekara sha ɗaya da suka wuce ya yi faɗa da yayansa Jaye a kan gona, ya fito bisa amalanken aro, Jaye yana masa dariya a bainar jama'a. Ya rantse ba zai koma ba sai bisa abin hawa nasa na kansa. Bana Jaye ya aiko: ya tsufa, ido ya tafi, yana son su gana.

"Ga motocin haya a tasha," na ce masa tun farko. "Ka yi kaffara, ka shiga ɗaya, kamar mai hankali."

"A matse ni tsakanin akuya da buhun albasa? Jaye ya ji an sauke ni kamar kaya?"

"Makaho ne, ba zai gani ba."

"Zai ji. Ƙarar wanga moto nika so ya ji."

Amma Rabo na da hawan jini. Sau biyu jiri ya kayar da shi a wata guda, sau ɗaya a bakin masallaci. Lokotoro, wato likita, ya ce ko keke kada ya hau. Daga nan zuwa Gidan Sori sai an wuce Maraɗi, a bar kwalta a shiga rairayi, a kan abin da mutum biyu ke wahalar tayarwa in ya faɗi.

Ranar Litinin, yana alwala, matarsa Maijidda ta tsaya bayan labulen zaure.

"Mushe, don Allah. Kai ka san abin da in babu shi ba ya tashi. Ka ɗauke."

"Sata kike sa ni, uwar Rahina?"

"Gawarshi kake so a kawo mini cikin buhu? Kai ka san yadda gida yake in mutum ya tahi."

Na sani. Na miƙa hannu cikin kwalin ƙwai.

Tun ranar ban ci abinci da daɗi ba. Ina zaune a kan benci ina kallon dattijo mai shekara sittin da huɗu yana rarrafe a ƙasa, jijiyar wuyansa ta kumbura, numfashinsa na fita da ƙara. Na ɗauke ƙarfen don kada hanya ta kashe shi, ga shi sunkuyo na neman yin aikin. In na mayar, gobe ya hau. In na riƙe, ba zai ga ɗan'uwansa ba. Na juya lissafin ta kowane gefe, kamar yadda na koya wa yara, bai fita ba.

Ranar Laraba da la'asar ya ajiye rariyar, ya jingina da tayar baya, ya share zufa da hula.

"Mushe."

"Na'am."

"Tun Litinin hannunka bai bar aljihun dama ba. Da can hagu kake sa goro."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu, ya dubi labule, ya rage murya.

"Ita ta sa ka. Na sani. Kai ba ka da wayon sata, ko alli ba ka taɓa kawowa gida ba."

"To don me kake ta tankaɗe ƙasa kamar mahaukaci?"

"In na bari, ta gane na sani, ta ji kunya. Shekara arba'in ba ta taɓa ɓoye mini komi ba, sai wanga." Ya share goshi yana haki. "Kuma in ban nema ba, mi zan yi? In zauna in jira?"

"Rabo, za ka faɗi a hanya."

"Ko in faɗi nan. Ina ne ba ƙasa ba?" Ya yi ƴar dariya. "Ba na roƙonka. Kai ka yi karatu, ka yanke. Amma in za ka ba ni, ka jefa shi can kusurwar randa, in tsince shi da kaina."

Na yanke. Ba don na gamsu ba, sai don na tuna yadda na hana Mansura zuwa ganin ƙanwarta saboda lokotoro ya ce ta huta, ta huta ɗin har kabari. Alhamis da hantsi na kwance hankicin, na riƙe jiklar a tafin hannu, na yi sallama a zauren.

Yana zaune kamar yadda ya zauna jiya, bayansa a jikin taya, rariya a cinya da rairayi rabi. Hularsa ta zame gefe. Na sake sallama. Na kira sunansa, na kira wanda uwarsa ke kiransa da shi, na taɓa wuyansa. Da sauran ɗumi.

Maijidda ta ɗaga labule da kwanon koko. Ta dube shi, ta dubi hannuna a buɗe. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a hankali don kada ya zube.

Bayan azahar muka kai shi. Washegari Jaye ya iso a bayan moton ɗan kabu-kabu, an ɗaure shi da rawani a jikin direban. Da aka gama gaisuwa ya ce a kai shi wurin moton. Ya shafa tanki, ya shafa gilashi, ya ƙwanƙwasa akwatin ƙarfen da yatsa.

"Babba ne," ya ce. "Yana tashi?"

"Saura kaɗan," na ce.

Da mutane suka watse na koma zauren. Ƙasarsa ta yi laushi kamar gari, tsibi-tsibi, har zuwa taku biyu kafin kusurwar randa. Kwalin ƙwai na nan a kan benci, kowane rami da ƙusarsa, sai ɗaya. Na sa jiklar a ciki. Wata kaza ta shigo, ta zaɓi tsibi mafi laushi, ta kwanta tana birgima.