Ƙafar Baba Gwadabe da Baƙon Kwata

A barcin jiya mafarki ya kai ni wani gari da kwatocinsa ke gudu sama. Ruwan wanke-wanke yakan fito daga gida, ya hau bango, ya kwanta a kan rufin kwano. Ba wanda ya damu.

Ina tura surukina, Baba Gwadabe, a baro. Gyambon ƙafarsa ta hagu ya daina jin magani. Kowace allura aka yi masa, ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki sai su shanye, su ƙara ƙiba. Likitan garin ya ce in la'asar ta yi babu sauƙi, zai yanke ƙafar. Yana biye da mu da zarto a kafaɗa, yana gaisawa da mutane.

Sai ga mu a ɗakin bincike. Shugabar wurin agwagwa ce, sanye da farar riga. Ta leƙa gyambon da ido ɗaya.

"Fej za a nemo," in ji ta.

"Mene ne fej, ranki ya daɗe?"

"Bairos ne. Ba ruwansa da mutum, bakteriya yake ci. Amma kowanne da irin wadda yake ci. In ka ba shi wata, gara ya kwana da yunwa."

"A ina ake samunsa?"

"A kwata, inda abincinsa yake."

Na ɗauki tsani na bi rufin gidaje ina ɗibar ruwa a kwalba. Agwagwa ta shuka bakteriyar Baba a faranti har ta yi fari fat, tana ɗiga ruwan a kai. Na mahauta bai yi komai ba, haka na kasuwa. Da ta ɗiga na gidana, wanda ban san ya biyo ni garin ba, sai ƙananan ramuka suka ɓullo a farantin, garau kamar gilashi.

Fej ɗin ya fito ya yi sallama. Girmansa kamar buta, kansa mai kusurwa-kusurwa, ƙafafunsa siriri irin na gizo-gizo. Ya tambaye ni lafiyar matata Ladidi. Da ya ga Baba, sai ya tuɓe takalmansa duka, ya durƙusa.

Agwagwa ta kwance bandeji. "Bismillah, ga abinci."

"Na ƙoshi," in ji fej. Cikinsa yana ƙugi.

Na ja shi gefe. "Kai, me ke damunka? Ƙafa fa za a yanke."

"Yaya, a kwatarka aka haife ni. Surukinka surukina ne. A gabansa zan buɗe baki in ci?"

"Yaron nan yana da tarbiyya," in ji Baba daga cikin baro. "Ba kamar wani da ya taɓa cin gyaɗa a zaurena ba."

Da ni yake.

Aka ja labule tsakaninsu. Fej ya ce yana jin numfashin Baba. Baba ya rufe ido, fej ya ce wannan ai wasan yara ne. Likita ya gwada zarton a ƙafar tebur, ya gamsu. Inuwar bango ta fara tsawo.

"To, ni zan ba shi wuri," in ji Baba. Ya murɗe ƙafar daga gwiwa kamar murfin fulas, ya jingine ta, ya fita yana tsalle.

"Abin da nake faɗa ke nan tun safe," in ji likita.

"Naka ba ya komawa," in ji agwagwa.

Fej ya sauka a kan bakteriya ɗaya, ya huda ta, ya juye abin cikin kansa a ciki. Ta kumbura ta fashe. 'Ya'yansa suka fito da yawa, kowanne ya nufi ta gaba. Ba su taɓa naman Baba ba. Gyambon ya riƙa tsukewa daga baki-baki, kamar tafki a bazara.

Na rungumo ƙafar na fita. Baba yana zaune a inuwar dalbejiya, ladan yana gyaran murya.

"Baba, ga ta. Ku saka kafin a kira salla."

"A gabanka? Juya baya."

Na juya ina kallon bango. Ban san ko ƙafar ta zauna ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas a bayana.

Na farka. Sandar Baba ce a kan simintin tsakar gida, zai yi alwalar asuba. Ladidi ta leƙo ta ce in tashi in nemo mai adaidaita, asibiti sun ce a zo da wuri, yau likita zai faɗi matsayarsa kan ƙafar Baba. Na kasa kunne. Sanda, taku ɗaya, sannan ƙafar hagu tana jan ƙasa a baya.