Farantin da Zubairu Ya Kwantar

A Disambar 2013 dusar ƙanƙara ta zuba a Masar. Kowa na ɗaukar hoto, ban da Zubairu, da ke zaune a ofishinsu na unguwar Muhandisin a Alƙahira ya zuba wa lamba ɗaya ido: batirin tasha ta bakwai, saura kashi goma sha ɗaya.

Tashar akwatin ƙarfe ce a kan wani dutse a Sina'i, tana auna motsin ƙasa tana aikowa Alƙahira. Shekara biyar ba ta yi shiru ba. Zubairu ne ya kafa ta, shi ne kuma ya kwantar da farantin sola a shimfiɗe maimakon ya jingine shi yadda takarda ta ce. Mutumin Gumel ne, ƙanƙarar da ya sani ta cikin firji ce. Yanzu dusa ta rufe farantin ruf. In batirin ya mutu shugabarsu za ta nemi dalili, ga iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a jikin aikin nan take rataye.

Kashi tara. Hanyar mota a rufe.

Sai layin da ke nuna motsin ƙasa a allon kwamfutarsa ya fara rawa. Ya san rawar, ba ta ƙasa ba ce, ta inji ce. Munzir ne, wani Bahaushen Sudan mai jagorantar masu babura masu ƙafa huɗu, sun fito wasa cikin dusa. Bara Zubairu ya rubuta ƙararsu da Larabci mai daɗi, cewa injinansu na ɓata awon tashar, har aka hana su hawa dutsen.

Ya kira shi. Munzir ya rantse ba su kusa da wurin.

"Ina ganin injinka a allona," in ji Zubairu. Ya roƙe shi ya hau ya share farantin.

"Kawu, hanyar da ka sa aka hana mu ita kaɗai ke kaiwa can."

"Bi ta."

"Maimaita da Larabci, abokaina su ji."

Ya maimaita, har da don Allah.

Layin ya haukace, zane mafi muni a tarihin tashar. Kashi biyar. Huɗu. Shugabar ta leƙo ta tambaya ko komai tamam ne, ya ce tamam, hannunsa na rufe da kusurwar allon.

Layin ya kwanta. Huɗu. Har yanzu huɗu. Shayinsa ya huce.

Biyar.

Waya ta yi ƙara. Munzir ya ce sun share, sun kuma tokare farantin da duwatsu. "Amma Kawu, wane gwani ne ya kwantar da shi haka?"

"Wani dattijo ne. Ana bincike."

Ya jawo littafin tasha ya rubuta: girgizar babura, minti arba'in, da izinina. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara maganar farantin a ƙasa, da ƙananan haruffa.