Rumfar Baba a Kan Kwata

A kwaleji an koya musu yadda ake jagorantar tattaunawa tsakanin jama'a. Mai jagora ba shi da ɓangare, ba ya faɗin ra'ayinsa, kuma ba ya barin mutum ɗaya ya cinye lokacin kowa. Auta ta fi kowa iyawa a aji. Da aka zo raba ɗalibai don gwaji na gaske, sai Malama ta tura ta unguwarsu.

"Malama, don Allah a canza min. Rigimar ta shafi gidanmu."

"Ai shi ya sa. Kin san mutanen, za su saurare ki."

Rigimar kwata ce. Baban Auta mai walda ne, ya faɗaɗa rumfarsa ya daɓe kan kwatar da siminti. Tun daga nan, duk ruwan saman da aka yi sai ya koma da baya ya shiga gidajen ƙasan layi.

A wani ajin firamare aka zauna da mutanen layin. Manya sun takure a bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Taga ɗaya ce ke buɗuwa. Malama ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Auta ta ɗaga tsumman goge allo, ta ce wanda yake riƙe da shi, shi kaɗai ke da magana.

Tsumma ya zaga lafiya har ya iso hannun Baba. Ya faro tun daga lokacin da layin yake fili, ya bi ta kan duk ƙofar da ya gyara wa maƙwabta. Mutane suka fara tsaki. Malama ta nuna wa Auta agogo. Auta kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa katse Baba ba.

"Baba, ka yi haƙuri, lokacinka ya cika."

"Ni kike karɓe wa magana?"

Wani daga baya ya ce, "Yau mai yanka ƙarfe ya gamu da mai yanka zance!" Aka kwashe da dariya. Baba bai miƙa mata tsumman ba, a ƙasa ya sake shi.

Goggo Tela ta ɗauka. Ita ta ɗinka wa Auta kayan makarantarta na farko.

"Ni ba dogon bayani na zo ji ba. Ke Auta, ranar da ruwa ya cika min ɗaki, wa ya taya ni ɗaga keken ɗinki? Ba ke ba ce? Faɗa musu daga ina ruwan ya zo."

Baba ya ce, "Faɗa musu mana. Ai a rumfar nan kika girma."

Auta ta juya. Ta dubi ƙofa, Malama ta girgiza mata kai a hankali.

Auta ta ce, "Abin da na ji daga Goggo shi ne ruwa yana shiga ɗakinta. Abin da na ji daga Baba kuma, rumfar ce abincinsa."

Goggo ta tafa hannu. "Oh ni! Yarinya ta koma rediyo."

Da ƙyar aka yarda a sake haɗuwa a bakin kwatar, kowa ya gani da idonsa. Malama ta tambaya wa suke so ya jagoranta. Goggo ta nuna Auta, ta ce ita ce ta san gaskiya. Baba ma ya nuna ta, ya ce ai 'yarsa ce.

Malama ta raɗa mata, "Kin gani? Duk sun yarda da ke."

A hanyar gida Auta ta gaida Goggo a bakin ƙofarta, Goggo ta saki labule. Ta ƙarasa rumfa ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ja baƙin gilashi ya rufe fuskarsa, ya kunna wuta. Tana nan durƙushe, tartsatsi na zuba kusa da ƙafarta, innarta ta ƙwala mata kira ta zo ta kai masa abinci.