Ƙiftawa Biyu

Tsohon direban da ke gadon ƙarshe a asibitin ba ya motsi, ba ya magana. Kowace safiya likitocin binciken ƙwaƙwalwa sukan tambaye shi ko ya yarda a ci gaba da gwaji a kansa. In ya ƙifta ido sau ɗaya, ya yarda. Sau biyu, ya ƙi.

Ranar da wakiliyar masu ba da tallafi ta zo, shi kaɗai ya rage a gwajin. In ya fita, tallafin zai tsaya.

"Baba, mu ci gaba?" in ji babban likita.

Tsohon ya ƙifta sau biyu.

"Iskar fanka ce, ranki ya daɗe," in ji likitan. "Ya yarda."

Tun daga ranar, da zarar likitan ya shigo, sai tsohon ya kafe shi da ido, ba ya ƙiftawa har ya fita.